Wasiƙa zuwa ga Uwata a Mungadi

Zariya, daren Alhamis

Uwata,

Ina fata kina lafiya, ke da Innarki da ƙanenki Sadiku da Kaka. Ni ma lafiya lau, sai karatu da sanyin Zariya, wanda ya fi na gida shiga ƙashi.

Innarki ta ce kin gano wani wasa a wayarta, wanda ba sai an sauke shi ba, a intanet ake buɗewa a buga. Tana tsoron kada ya cinye miki lokaci, ta ce in yi miki magana. Kwantar da hankalinki, ba faɗa zan yi ba. Na sa ta turo mini na buga da kaina, kuma ya burge ni. Kati 16 a kife, layi huɗu, ki taɓa ɗaya ya juyo, sai ga mage da jar hula, ki taɓa wani sai ga zomo da haƙoransa biyu a waje. Ba su dace ba, su koma su kife. Babu agogon da ke korarki, babu bindiga, babu wanda ke mutuwa. Akwai wani ɗan kwaɗo mai lumshe ido idan an samo ɗan'uwansa, ni ma sai da ya sa ni dariya ni kaɗai a ɗaki.

Bari in ba ki dabara, amma kada ki gaya wa Sadiku tukuna. Kullum ki fara da katin da ba ki taɓa buɗewa ba. In kin taɓa ganin ɗan'uwansa, ki je kai tsaye ki ɗauko. In ba ki gani ba, ki sake buɗe wani sabo, kin ga kin ƙaru da sanin kati biyu ke nan. Sannan ki riƙa faɗi a bakinki: mage sama ta dama, agwagwa ƙasa kusa da kwana. Abin da ido ya gani baki ya ambata ya fi zama.

Wasan nan ya girmi waya nesa ba kusa ba. Tun ɗaruruwan shekaru, a fadar sarakunan Japan, ana buga shi da makankari, irin wanda ake tsinta a bakin gulbi. Kin san baki biyu gare shi, kuma kowane ɓari ba ya rufuwa daidai sai da ɗan'uwansa na asali. Sai su raba su, su yi zane mai kyau a ciki, su kife, a yi ta neman wanda ya dace da wane. Na kati kuwa, wani soja ɗan ƙasar Suwizalan mai suna William Hurter ne ya kai wa wani kamfanin Jamus, wanda yau ake kira Ravensburger, aka fara sayar da shi a 1959. A gidansu da hotunan da aka yanko aka liƙa a kwali suke bugawa. Riƙe wannan, zan dawo kansa.

Ga wani labari da na san za ki so. A Jami'ar Kyoto ta Japan akwai wani biri mai suna Ayumu. A 2007 masu bincike suka ba da labarin yadda ake watsa masa lambobi, daga 1 zuwa 9, a fuskar kwamfuta, su bayyana ƙasa da daƙiƙa ɗaya, sai a rufe su da fararen akwatuna. Shi kuwa sai ya bi su da yatsa ɗaya bayan ɗaya, a jere. Aka gwada shi da ɗaliban jami'a, manya masu gemu irina, ya kayar da su. To amma Ayumu ba zai iya kawo miki Fatiha ba, ba kuma zai tuna bashin da aka ci a kasuwar Jega bara ba.

Dalili shi ne riƙon abu iri biyu ne. Akwai na ɗan lokaci, kamar ruwan da kika kamfata a tafin hannu: ya isa ki kai baki, amma ba ya kwana. Shi ne wasanki ke motsawa, shi ya sa in kin gama zagaye ɗaya, zuwa gobe ba ki san inda zomo yake ba, kuma ba laifi. Akwai kuma wanda ke zama, shi kuwa ba ya samuwa sai da maimaici. Wani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya gwada a kansa ya wallafa a 1885 cewa yawancin abin da mutum ya haddace yana zubewa ne tun a ranar farko, sai fa in ya koma kansa bayan tazara, ya sake komawa. Da malaminmu ya karanta mana wannan a aji sai na yi murmushi, don Malaminku na makarantar allo bai taɓa jin sunan Bajamushen nan ba, amma ba ya yarda ki wanke allo sai kin kawo hadda, kuma ba ya barin tilawar baya ta kwanta. In wani talla ya fito a wayar yana cewa wasa kaza zai mai da ke haziƙa, kada ki yarda. Wasan zai sa ki ƙware a wasan. Izu ukun da ke kanki kuwa, bakinki ne ya sa su can, safe da yamma.

Tunda na ambaci talla: duk wanda ya faɗo, kada ki taɓa shi, ki miƙa wa Inna. Wasu kan ja kuɗin waya, wasu kuma ba na idon yara ba ne. Mun yi shawara da ita, za ki riƙa bugawa bayan La'asar in kin gama aikin gida, na ɗan lokaci, ranar Alhamis da Juma'a kuma a ƙara miki tunda babu allo. Da dare a'a, hasken waya na hana barci.

Yanzu na dawo kan kwalin gidan su Hurter: ga aikin da nake so ki yi mini. Ki nemi kwalin sabulu a shagon bakin hanya, Inna ta yanka miki shi gida 20 daidai wa daida. Ki zana abu goma, kowanne sau biyu: albasar Aliero, buhun shinkafa, kwalekwale, akuyar Kaka mai baƙin kunne, tulu, sauran ki zaɓa da kanki. Bayan kwalin duk ya zama iri ɗaya, in ba haka ba Sadiku zai gane su ta tabo, kin san halinsa. Ku shimfiɗa tabarma ku kife su. Na waya ke kaɗai ce, a wannan kuwa za ki ga idon abokin wasanki yana satar kallon katin da yake hari, za ki kuma koyi haɗiye haushi in ya riga ki. Ki ja Kaka ma ya zauna. Mutumin da ya shekara da shekaru yana dara a gindin bedi, yana riƙe da gurbi 30 a kansa, ba na jin zai bar muku ko kati biyu. Ki rubuto mini wanda ya ci.

Hutu ya kusa. Ta Sakkwato zan biyo, in na sauka Jega zan sayo miki fensir masu launi, don haka ki yi zanen da baƙi tukuna, mu shafa launin tare. Mage dai ki bar mini ita, ni zan zana hular.

Ki gaida Malam, ki ce ina neman addu'a saboda jarrabawa. Allah ya yi miki albarka.

Babanki