Fankar Da Ta San Lokacinta

Duk wanda ya taɓa tuƙa Volkswagen mai inji a baya, ko Bitil ko Kombi, ya san babu abin da take tsoro kamar gosulon Legas. Ita wannan mota ba ta da lagireto, ba ta shan ruwa. Iska da baƙin mai ke sanyaya ta, fankarta kuwa bel ke juya ta daga injin. Saboda haka idan ta tsaya cik a cunkoso, injin ya lafa, sai fankar ma ta yi sanyin jiki. Tun da aka fara harhaɗa waɗannan motoci a Ojo a 1975 masu gyara suke fama da wannan, har wasu suka koma ƙara wa motar wani ɗan lagireto na mai a waje, tare da fanka mai aiki da batir.

A Agege akwai wani dattijo mutumin Kano, mai gyaran wayar mota, irin waɗanda ake ce wa rewaya. Ya koyi sana'ar tun zamanin da Kombi ce danfo, yau kuwa furfura ta cika masa gemu. An san shi da hali guda: ba ya haɗa fanka kai tsaye da makulli, ko nawa za a ba shi. Wannan hali ya sha raba shi da ciniki, domin kuwa haɗin kai tsaye ya fi araha, ya kuma fi sauri.

Wata rana wani saurayi ya kawo masa tsohuwar Kombi wadda yake dakon tumatir da albasa da ita daga kasuwar Mile 12. Bashi ya ci ya saye ta, injin kuma ya riga ya buga sau ɗaya, in ya sake bugawa shi ke nan jari ya tafi.

"Baba, a haɗa ta kawai, da na murza makulli ta tashi. Ƙasar nan zafi gare ta, me za mu yi da tamostat?"

"Yaro, mai ma yana son ɗumi," in ji dattijon.

Sa'an nan ya warware masa. Baƙin mai in ya yi sanyi kauri gare shi, ba ya ratsa lungunan inji da sauri, kuma raɓar ruwa da fetur da ke sulalewa cikinsa ba sa fita sai ya ɗauki zafi. Ya fi aiki tsakanin digiri 90 zuwa 110 a ma'aunin Selshiyos. In ya zarce 120 sai ya tsinke, ƙarfe ya fara cin ƙarfe. Watau sanyi da zafi duka ɓarna ne in sun wuce gwargwado. Bugu da ƙari, fankar da ke juyawa tun safe har dare saurin mutuwa take yi, ba ta kuwa mutuwa sai ranar da aka fi bukatarta.

Ga yadda ya yi aikin. Ya ɗaura tamostat a kan bututun da ke kai mai cikin ɗan lagireton, irin wanda ke haɗa wuta in zafi ya kai wajen digiri 82, ya yanke in ya sauko kaɗan. Amma bai ɗora masa nauyin fankar ba, sai ya sa rile a tsakani, wani ɗan makunni mai ƙafa huɗu, kowace da lambarta. Ƙafa mai lamba 30 ya ja mata waya mai kauri daga batir, ya sa fis dab da batirin, domin in waya ta goge da jikin mota fis ɗin ya ƙone maimakon motar. Lamba 87 ta tafi fanka, ɗaya wayar fankar kuma ya ɗaure ta a jikin mota bayan ya kankare fenti. Lamba 86 ya ba ta wutar da ba ta zuwa sai an murza makulli, don kada fanka ta shanye batir bayan an ajiye mota. Lamba 85 ta bi ta tamostat zuwa jikin mota. Da haka makulli da tamostat ba sa ɗaukar komai sai 'yar wutar da ke tada rile, babbar wutar kuwa tana bin hanyarta dabam. Wanda ya tsallake rile yakan ƙona makullinsa, wani lokaci ma ya kashe mota injin ya ci gaba da tafiya na ɗan lokaci, saboda fankar da ba ta gama juyawa ba tana mayar da wuta baya.

Da ya gama ya murza makulli, ya haɗa wayoyin tamostat biyu da hannu, fanka ta tashi. Ya kara takarda a jikin lagireton ya tabbatar iskar tana ratsawa ta inda ya kamata.

Kashegari da sassafe sai ga saurayin a fusace, wai fanka ba ta aiki. Dattijon ya taɓa bututun, ya ji ko ɗumin kirki bai yi ba, ya ce, "Je ka yi lodinka, in lokacinta ya yi za ka ji ta." Da rana tsaka, a cikin cunkoson Ojota, da kwandunan tumatir a bayansa, ya ji ta tashi da kanta, da hanya ta buɗe kuma ta yi shiru.

Har yau akwai masu cire tamostat daga kowace irin mota suna cewa kayan ƙasar sanyi ne. Masu iya magana dai sun ce araha ba ta ado, kuɗin rile da fis da 'yan wayoyi kuwa bai kama ƙafar kuɗin sauke inji ba. Allah Ya haɗa direbobinmu da masu gyara na ƙwarai, amin.