FAYIL ƊIN YARO BA A RUFE SHI



Mu akawuna mutanen takarda ne. Da fayil mu ke sanin mutum: shekarunsa, jarrabawar da ya ci, da abin da na gaba da shi ya rubuta a kansa. Saboda haka duk labarin da ya shafi auna yaro tun bai kawo ƙarfi ba ya kan ja hankalinmu. Wanda muka kawo muku yau daga Amurka ya fito, inda 'ya'yanmu da dama su ke zaune, kuma a kan wasan mutanen can ne da a ke kira besbol.

Ga wanda bai san wasan ba, mutum ɗaya ne ke jefo 'yar ƙwallo mai tauri, wani ya tare ta da kulki, in ya same ta sai ya sheƙa ya kewaya tashoshi huɗu. Kowace babbar ƙungiya ta kan yi wasa 162 a shekara. Shekara-shekara kuma a kan jera samarin da suka fito daga makarantu, ƙungiyoyi su zaɓa bi da bi, kuma a zamanin da mu ke magana wadda ta fi shan kaye ita ke fara ɗauka. Yaron da aka ɗauka sai ya yi 'yan shekaru a ƙananan ƙungiyoyin reno tukuna, kafin a ga ko ya isa shiga babban fili.

To, ƙungiyar Astros ta birnin Houston ta rushe kanta da gangan don ta sake gini. Ta ba da tsofaffin gwanayenta ta karɓi samari. A 2011 aka ci ta sau 106, a 2012 sau 107, a 2013 sau 111. Sabon manajanta, Jeff Luhnow, ya tara masana lissafi, har da wani injiniya da ya taɓa aiki a hukumar NASA, watau dai ya cika ofis da akawuna irinmu. Shekara uku a jere su ke fara zaɓe. Ku dubi abin da ya fito.

A 2012 suka ɗauki Carlos Correa, ɗan shekara 17 daga tsibirin Puerto Rico. Wannan kam ta yi kyau, domin a 2015 shi aka ba kyautar gwanin sababbin shiga. A 2013 suka ɗauki Mark Appel, mai jifa daga Jami'ar Stanford, wanda takardunsa ba su da aibi ko ɗaya, suka biya shi fiye da dala miliyan 6. Bai taɓa jefa musu ƙwallo a babban fili ba. Sai a 2022, yana da shekara 30, ya samu shiga a wata ƙungiya dabam. Wanda suka tsallake kuwa, Kris Bryant, mutanen Chicago suka ɗauke shi, ya zama gwanin gwanaye a 2016, shekarar da suka ci kofin da rabonsu da shi tun 1908. A 2014 suka zaɓi Brady Aiken, likitoci suka ga abin da bai kwanta musu ba a gwiwar hannunsa, ciniki ya watse. Diyyar da aka ba su ita ce zaɓe na biyu a 2015, da shi suka sami Alex Bregman. Watau cikin uku da aka zaɓa da dukan ilmi da kuɗi, ɗaya kaɗai ya yi musu amfani. An ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba a ke gane ta, amma fa Larabar yara tana da ruɗi.

Akwai kuma José Altuve, mutumin Benezuwela, wanda tsawonsa ƙafa 5 ne da inci 6. Ran da ya je gwaji yana ɗan shekara 16 aka sallame shi, don an ga ya cika ƙanƙanta, ba a ma yarda da shekarunsa ba. Kashegari ya komo da takardar haihuwarsa a hannu. A 2007 aka ɗauke shi a kan dala 15,000 kacal. A 2014 ya sami ƙwallo da kulki sau 225, ba wanda ya kai shi, a 2017 kuma shi ne gwanin gwanaye. Wanda ya raina gajere bai taka kunama ba.

Amma labarin da ya fi tsaya mana a rai shi ne na J. D. Martinez, domin laifin da aka yi a kansa laifin ofis ne. Yaron gida ne, tun 2009 ya ke hannunsu. Shekara uku yana wasa tsaka-tsaki, har littafinsu ya yanke masa hukunci. Da hutu ya zo, a ƙarshen 2013, sai ya je ya sake koyon riƙon kulki da duka tun daga tushe, ya gwada a Benezuwela ya ga ta yi. Ya komo ya gaya musu ya sake hannu. Sau 18 kaɗai aka ba shi kulki a wasannin gwaji, sa'an nan a watan Maris na 2014 aka sallame shi kyauta. Bayan kwana biyu Detroit ta ɗauke shi. A 2015 sau 38 ya doki ƙwallo ta haye katanga, a 2017 sau 45. Lissafinsu bai yi ƙarya ba, sai dai lissafin mutumin bara ne, shi kuwa na bana ne ya tsaya a gabansu.

Astros ta ci kofin duniya a 2017. Amma a Janairun 2020 hukumar wasan ta tabbatar sun yi amfani da na'urar ɗaukar hoto suna satar alamun abokan karawa, aka ci su tarar dala miliyan 5, Luhnow kuma ya rasa aikinsa. Masu auna yara su ma ana auna su.

To, jama'a, ina ruwanmu da wasan da ba mu yi? Ruwanmu shi ne, a zangon nan kowane yaro yana da fayil, ko da ba a rubuta ba. A bakin masallaci da zauren mai unguwa a ke buɗe shi. Wane ƙwaƙwalwa gare shi, a kai shi gaba. Wane kuwa ya faɗi jarrabawa, ko ya gudu daga wurin maigidansa tela, shi ke nan an buga masa hatimi. Bayan shekara biyar ya zo neman aiki ko aure ko jari, sai a jawo maganar da aka yi tun yana ɗan shekara 15. Mutanen da ke da miliyoyi da likitoci da na'urori sun yi kuskure sau biyu cikin uku. Mu da ba mu da kome sai ido da jita-jita, ina dalilin saurin yanke hukunci?

A ofis an koya mana, takardar da ba kwanan wata ba a aiki da ita. Saboda haka roƙonmu ga iyaye da malamai da masu sana'a, in za ku faɗi halin yaro ku tuna yaushe kuka gan shi. In ya zo ya ce ya sake, a ba shi kulki fiye da sau 18 kafin a ce ƙarya ya ke yi. Kada kuma a zuba dukan abin da a ke da shi a kan yaro ɗaya mai suna, a bar sauran a rana.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya ba mu haƙurin renonsu. Haza wassalam.