Rajistar Tumur da kwamfuta mai mantuwa

Ƙanena malamin rajista ne a wata ƙungiyar agaji da ke aiki a Tumur, gabas da Difa, garin da ƴan gudun hijira suka cika tun kafin harin Disamba 2020. Shi da kansa ya rubuta, da harshen PHP, tsarin shigar da sunayen masu karɓar hatsi. Babbar kwamfutar da ke ajiyar sunayen kuwa tana Difa. Ran nan sai ga kiransa: "Yaya, gidaje suna ɓacewa daga rajista." Ma'aikacin gwamnati ya san nauyin wannan magana, domin wanda babu sunansa babu buhunsa.

Ni ɗan jarida ne, ba gwanin na'ura ba, amma dare biyu muka raba muna bin rubutun layi-layi.

Ashe babbar kwamfuta ba ta riƙe fuskar kowa. Duk saƙon da ya iso mata, baƙo ne. Don haka take bai wa mai aiki lamba, tamkar tikitin tasha, dabarar da Lou Montulli ya ɓullo da ita a Amurka a 1994. A ƙarƙashin lambar take tara abin da aka faɗa mata a wannan zama. To amma a ƙa'idar PHP, idan aka yi daƙiƙa 1440 ba motsi, wato minti 24, ana iya share zaman. Wanda ya yanka wannan wa'adi bai taɓa zama gaban tsohuwa tana lissafa jikokinta da Fulatanci ba, tafinta na juyawa, layin waya na yankewa. Kafin ƙanena ya aika, an share zaman, gidan ya bi iska.

Kuskure na biyu nasa ne, na kuwa gaya masa. Ya ƙirga buhuna a cikin wani sashe na tsarin, alhali abin da aka ajiye a cikin sashe, kamar kuɗin aljihun tebur ne da aka kulle: na waje ba ya ganinsa sai an miƙo masa. Jimilla ta yi ta fitowa babu komai.

Muka tsawaita wa'adin, muka sa sashen ya riƙa miƙo lissafinsa. Gidajen da suka ɓace kuwa, a wani kaye da yake rubutawa da biro muka samo su. Ni ne na taɓa yi masa dariyar kayen nan.