Guzurin Mai Babur

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi. Gaskiya ne, amma tafiyar da aka shirya mata ake nufi. Mu malamai uku na wannan makaranta mun saba yin doguwar tafiya a kan babur lokacin hutun Disamba, don mu ga ƙasarmu da idonmu. Ɗalibai sukan tambaye mu, "Malam, me kuke ɗaurawa a bayan babur haka?" Shi ya sa muka ga ya kamata mu ba da amsa a nan, mu yi misali da tafiyarmu zuwa Gembu a tsaunin Mambila, cikin Jihar Taraba.

Hanyar da muka bi ita ce ta Gombe zuwa Numan, inda muka haye gadar kogin Binuwai, sai Jalingo. Daga nan sai Bali, sai Serti kusa da gandun daji na Gashaka Gumti wanda aka kafa a 1991, sai Mayo Selbe a gindin dutse. Nan ne hawa yake farawa, a bi ta Nguroje har a kai Gembu. Tsaunin ya kai wajen mita 1,600 sama da teku. Tsakanin wasu garuruwan sai ka yi tafiya mai nisa ba ka ga bakanike ko mai faci ba. A irin wannan wuri, abin da ke cikin jakarka shi ne gatanka.

Abu na farko da muka koya shi ne babur ba mota ba ne. Ba ya ɗaukar duk abin da rai yake so. Saboda haka muna yi wa kowane kaya tambaya uku kafin ya shiga jaka. Idan babu shi, tafiya za ta tsaya? Ana samunsa a hanya? Mun iya aiki da shi? Abin da ya kasa amsa waɗannan, gida zai zauna.

Sai kayan aiki. Ba ma sayen babban akwatin sifana. Mako guda kafin tafiya mukan zauna a gaban babur, mu gwada kowane noti da sifanar da ta dace da shi. Ƙananan baburan da ke cike da hanyoyinmu, irin su Bajaj Boxer, yawancin notinansu lamba 8, 10, 12, 14 da 17 ne, amma kowa ya duba nasa, musamman babban notin da ke riƙe da tayar baya. Ban da waɗannan akwai sifanar fulogi, filaya, sukudireba mai baki biyu, ƙarfe biyu na cire taya, da famfon iska. Kada a manta da tocila, ko da ba a yi niyyar kai dare ba.

Cikin kayan canji, taya ce kan gaba, domin ita ce ta fi ba matafiyi wahala. Muna riƙe tib ɗaya na gaba, ɗaya na baya, da faci da sholisho. A bakin hanya canza tib ya fi sauri, da yamma a masauki sai a yi wa wanda ya huje faci. Kafin a sa sabo, sai an shafa cikin tayar da hannu a hankali an cire ƙusa ko ƙayar da ta huda ta, in ba haka ba sabon ma zai bi sahun tsohon. Bayan wannan sai fulogi biyu, wayar kuloci, wayar totur, mahaɗin sarƙa, ƙwan fitila, fis, da 'yar waya ta ɗauri. Duka za su shiga tsohon gwangwanin madara, amma rashin ɗaya daga cikinsu yana iya kwanar da mutum a daji.

Me ya sa fulogi biyu? Malamin kimiyya da ke cikinmu ya bayyana mana cewa iska tana raguwa kauri idan ana hawa sama. Kafireta kuwa tana ba da fetur yadda ta saba, sai mai ya fi iska yawa, fulogi ya yi baƙi, babur ya riƙa shaƙewa. Ga darasin aji ya fito fili a kan dutse! Saukowa kuma tana da nata haɗarin. Wanda ya danne birki tun daga sama har ƙasa, birkin zai yi zafi ya daina kamawa. Ƙaramar giya ake sawa, inji ya riƙe babur, birki ya taimaka. Don haka mukan sa sababbin takalman birki tun daga gida.

Maganar mai ita ma tana son lissafi. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin mai ya zama babban kaso na kuɗin tafiya. Mukan juye baƙin mai kafin tashi, mu riƙe lita ɗaya. Mukan cika tanki a kowane babban gari ko da bai yi rabi ba, domin man kwalba na bakin hanya wani lokaci yakan zo da ruwa ko datti. Kuɗi kuwa a raba su wuri biyu, kuma a riƙe tsaba, gama akwai wuraren da waya ba ta kamawa sam.

Shi ma mai tuƙi yana da nasa kayan. Hular kwano ba ado ba ce. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta ƙasa ta fara tilasta sa ta tun 1 ga Janairu 2009, amma mu ba don tsoron jami'i muke sawa ba, sai don 'ya'yanmu da ke jiranmu a gida. Akwai safar hannu, takalmi mai rufe idon sawu, ƙyallen rufe hanci saboda ƙurar hunturu, rigar sanyi mai kauri domin sanyin Mambila ba wasa ba ne, da rigar ruwa. Akwai ruwan sha, bandeji, aidin da maganin ciwon kai. Lasisin tuƙi da takardun babur a naɗe su cikin leda, a sa a aljihun ƙirji.

Ɗaurin kaya ma ilimi ne. Mai nauyi ya zauna ƙasa, kusa da bayan mai tuƙi, hagu da dama su yi daidai. Idan nauyi ya koma can baya, gaban babur yakan yi sauƙi, kan ya riƙa rawa a kwana. Robar tsohon tib ta fi igiya riƙo, amma a soke bakinta, kada ta sauko ta shiga taya. Bayan tafiyar awa ɗaya a tsaya a sake dubawa.

Da yake hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ba kowa ne yake ɗaukar komai ba. Baburanmu iri ɗaya ne, saboda haka ɗaya ya riƙe famfo, ɗaya sifanu, ɗaya magunguna. Wannan ya sa dole mu tafi tare, ba mai wuce ɗan'uwansa ya ɓace. Mun kuma yi alkawari ba ma tafiyar dare, kuma a kowace tasha mukan tambayi direbobi lafiyar hanyar da ke gaba.

Abu na ƙarshe ba ya shiga jaka, wato iya aiki. Sifana a hannun wanda bai taɓa cire taya ba nauyi ce kawai. Shi ya sa kowannenmu sai ya cire tayar baya ya mayar da ita da hannunsa a tsakar gida kafin ranar tashi.

Ya ku 'yan aji shida da kuke shirin barinmu, tafiyarku ta fi tamu nisa. Ba za ku iya ɗaukar komai daga nan ba. Ku ɗauki abin da kuka iya aiki da shi, ku zaɓi abokan tafiya na kirki, kada kuma ku bar na baya shi kaɗai a hanya. Allah ya kiyaye hanya, ya kai ku lafiya.