Ai Da Gangan Take Yi

'Yan uwana mata, musamman ku da kuke zaune a babban gida, inda akwai uwar miji da facaloli da dangin miji kowa da halinsa. Akwai wata kalma da bakinmu ya saba da ita, da ita muke yanke wa mutum hukunci tun bai buɗe baki ya kare kansa ba, wato "ai da gangan take yi". Yarinya ta ƙona miya, da gangan. Amarya ta wuce ba ta gaida mutane ba, da gangan. To wani lokacin gaskiya ne, don masu ganganci suna nan birjik. Amma akwai wasu bayin Allah da wannan kalma ta kashe wa aure ta raba su da dangi, alhali iya ƙoƙarinsu ke nan suke yi. Kuma ki lura, ba a cika yi wa dolo wannan ƙazafi ba, shi an san shi, ana yi masa uzuri. Masu kaifin ƙwaƙwalwa su ne suke shan sa.

Ina da ƙanwar miji a nan gidanmu na Tudun Wada, ba zan kama sunanta ba, Goggon yara muke ce mata. Shekarunta sun haura 35. In dai lissafi ne, wallahi ban taɓa ganin irinta ba. Wata shekara maigida ya aiko da wake daga kasuwar Tudun Wada, tiya 37 a kan naira 1,850 kowace tiya, yaron da ya kawo yana ta laluben waya zai danna, ita kuwa tana tsintar shinkafa ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce 68,450. Da ya gama danne-dannensa haka ɗin ne. Uwar adashen layinmu in littafinta ya rikice wurinta take zuwa, ta karanto mata zubin wata uku, ita kuma ta ce ai ranar kaza ce wance ba ta zuba ba. Ranar haihuwar kowane yaro a gidan nan tana kanta, da watan Musulunci da na Bature. Ga ɗinkin hula. Baƙo zai shigo gaida Hajiya, ta kalli hular kansa sau ɗaya, bayan kwana biyu ki ga ta fitar da zanen a ƙyalle, gida-gida, babu inda ta kauce.

To amma ki tsaya ki ji ɗaya gefen. Wannan baiwar Allah, ki ce mata "Goggo me za mu dafa yau?" sai ta tsaya ƙiƙam kamar an dasa ta, har ki gaji ki tafi amsa ba ta fito ba. Tukunya ɗaya za ta dafa miki tsaf, amma in kika haɗa mata tuwo da miya ga yaro na kuka ga mai sallama a zaure, to ɗaya sai ta ƙone. Ki aike ta abu uku da baki, ta dawo da ɗaya. Ƙarar injin markaɗe kuwa kamar ana soka mata allura a kunne, ranar biki in aka kunna kiɗa sai ta shige ɗaka ta toshe kunnuwa, ta kwana biyu ba ta dawo daidai ba. Gatse da habaici da shaguɓe, waɗannan da mu mata muke ci da su muke sha da su, ita duk ba ta jin yarensu, yadda kika faɗi magana haka take ɗaukarta. Ko gaisuwa, ki ce mata "ina gajiya?" in ta gaji sai ta ce miki "akwai".

Aurenta biyu. Na farko wata bakwai ya yi. Wata rana uwar mijin ta same ta zaune ga wanke-wanke jibge, ta ce mata, "Yi zamanki 'yar sarki, kada ki tashi, ni baiwarki zan yi." Ita kuwa ta ce "to Inna", ta ci gaba da zamanta. Kafin magariba labari ya zaga dangi cewa an auro marar kunya. Na biyun ɗan kasuwa ne, ya ji daɗinta ƙwarai da farko, don ita ke riƙe masa lissafin shago da na masu bashi. Ranar da ya kawo ta gida da takardarta, abin da ya faɗa wa maigidana har yau yana kunnena. Ya ce, "Yaya, macen da take lissafa kuɗin shagona kaf a ka, ita ce za ta ce mini ta manta ba ta sa gishiri ba? Raini ne kawai."

Kin ji inda gizo yake saƙar. Baiwar da Allah ya yi mata ita ce ta zame mata shaidar da ake kama ta da ita. Da a ce komai nata a hankali yake tafiya, da an ce Allah ya sawwaƙe an ƙyale ta. Amma tunda an ga gudunta a wuri ɗaya, sai aka ƙi yarda tana ɗingishi a wani wurin. An ce miskilanci ne, an ce girman kai, daga baya aka koma cewa mutanen ɓoye ne. An yi ruƙiyya, an sha rubutu, an yi hayaƙi har Hajiya ta sayar da 'yan kunnenta. Ni ban raina addu'a ba, kullum muna cikinta, sai dai duk wanda aka kawo ba ya samun kowa a jikinta sai ita kanta.

Wata 'yar facalata da ke karatun aikin jinya ita ta matsa aka kai ta wurin likitan ƙwaƙwalwa. Hajiya da farko ta ƙi, ta ce 'yarta ba mahaukaciya ba ce, kuma gaskiyarta. Likitan ya fi daɗewa da Hajiya a kan ita mai abin, yana ta tambayar ƙuruciya. Nan muka ji cewa sai da ta kusa shekara huɗu ta fara magana, ba ta shiga gaɗa ko wasan 'yar tsana da sa'o'inta, aikinta jera murafen kwalba a bakin rijiya, wanda ya taɓa mata ɗaya ranar ba zaman lafiya. Bayan zuwa uku ya ce abin da ke tare da ita sunansa otizim. A rediyo za ki ji wasu na cewa galahanga, sai dai wannan kalma ana jibga mata larurori iri-iri da ba su da haɗi da juna, shi ya sa na fi son in kira shi da sunan da likita ya faɗa.

Otizim ba hauka ba ne, ba kuma ciwo ne da ake ɗauka ko a sha magani ya tafi ba. Yanayin ginin ƙwaƙwalwa ne tun daga ciki, gado yana da babban hannu a ciki, kuma yaron da aka haifa da shi da shi zai tsufa. Ba laifin tarbiyyar uwa ba ne, ko da yake a Turai da Amurka ma an daɗe ana ɗora wa iyaye mata kafin bincike ya wanke su. Allurar rigakafi ma an bincika an sake bincikawa, ba ita ke kawo shi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙiyasin 2021, mutum 1 cikin 127 yana da shi. Ki auna yawan jama'ar da ke tsakanin Ƙofar Doka da Agoro kawai, ki ga mutum nawa ke nan.

Wani likita a Amurka, Leo Kanner, shi ya fara bayyana shi a rubuce a 1943, bayan ya duba yara 11. Na farko a cikinsu sunansa Donald Triplett, an haife shi a 1933 a wani ƙaramin gari mai suna Forest a jihar Misisipi. Shi ma haka yake, ninka manyan lambobi a ka ba ya yi masa wuya, amma hira da mutane aiki ce ja a wurinsa. Mutanen garinsu suka karɓe shi yadda yake, ya yi karatu har kwaleji, ya yi shekaru masu yawa yana aiki a bankin garin, yana tuƙa motarsa, ya zaga ƙasashe, sai a 2023 ya rasu yana da shekara 89.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda masana suka auna wannan rashin daidaito. Yawancin mutane in an gwada basirarsu fanni-fanni, sakamakon yakan zo kusa da juna, kamar yatsun hannu, wani ya ɗan fi wani. Masu otizim da yawa kuwa nasu sai ki ga wani fanni ya yi tsawon rimi wani yana ƙasa kamar tafasa. A 2007 wasu masu bincike a Mantiriyal ta ƙasar Kanada, cikinsu har da Michelle Dawson wadda ita kanta tana da otizim, suka yi wa yara 38 masu otizim jarrabawar basira iri biyu. Ɗaya mai yawan tambaya da amsa da baki ce, ɗaya kuma zane-zane ne zalla, a nuna miki jerin siffofi da giɓi ki gano wadda ta dace. A ta zanen, in an jera mutum 100, matsayin yaran ya haura da kusan mataki 30 a kan wanda suka samu a ta farko. Yaran nan dai su ne, kan nan dai shi ne, hanyar tambaya kawai aka sauya. A 2009 kuma wani binciken da aka yi a can ya nuna masu otizim suna warware irin wannan jarrabawar zane da sauri fiye da sauran mutane, wani lokacin da kusan kashi 40 cikin 100, kuma ba su fi su yin kuskure ba. Amma fa in aka ba su fensir aka ce su kwafi alamomi ana duba agogo, da yawansu a nan suke zama na baya. Wato kan yana gudu, hanyar fito da abin ta baki ko ta hannu ita ce ƙunci gare ta. Da na ji wannan sai na gane tsayuwar Goggo in an ce me za a dafa. Lissafin wake amsarsa ɗaya ce. Abinci kuwa sai an haɗa abin da ke cikin sito, da wanda Hajiya ba ta ci, da wanda aka ci jiya, da fuskar mai tambaya, duk su taso mata lokaci guda su cushe a ƙofa.

Akwai wata farfesa a Amurka, Temple Grandin, haihuwar 1947, wadda sai da ta wuce shekara uku ba ta magana. Ta ce ita da hotuna take tunani. Da wannan baiwa ta gano ƙananan abubuwan da ke firgita shanu su ƙi shiga hanya, kamar inuwa a ƙasa ko sarƙa mai lilo ko riga da aka rataye a shinge, ta tsara hanyoyin bi da dabbobi da mayanka masu yawa suke aiki da su. Amma lissafin aljabara na makaranta ya gagare ta. Kin ga ita nata saɓanin na Goggo ne, kowa da inda nasa rimin ya tsiro.

Kada kuma wata ta karanta wannan ta je ta tsare ɗanta wai sai ya yi lissafin mamaki. Mafi yawan masu otizim ba su da wata baiwa ta a zo a gani, wasu ma ba sa magana sam, suna bukatar mai kula da su iya rayuwa. Su ma mutane ne cikakku, ba sai sun biya mu da abin al'ajabi ba kafin mu riƙe su da mutunci.

Mu mata namu ya fi ɓoyuwa. Ko a ƙasashen da ake bincike an fi gano shi a maza, wajen uku ko huɗu kafin mace ɗaya, kuma masana na ganin ana tsallake mata da yawa. A nan kuwa al'adarmu ma tana ƙara rufe shi. Yarinyar da ba ta kallon idon mutane, ba ta surutu, ba ta zuwa gidan kowa, ai yabonta ake yi, ana cewa ga kunya ga natsuwa, irinta ake nema wa ɗa. Sai ta shiga gidan miji, inda ake son ta karanci fuskar uwar miji, ta gane shirun kishiya, ta tari baƙi, ta juya tukunya uku, sannan asiri ya tonu. Abin da aka yaba jiya shi ake kira wulaƙanci yau. Duk wadda take zargin haka a gidanta, akwai likitocin ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na ABU da ke Shika, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna. A tafi da wanda ya san ƙuruciyar mutum, don can tambayoyin suka fi yawa.

A gidanmu abin da aka sauya ba shi da yawa. Aike a rubuce ake ba ta. Ba a ce mata "me za a dafa", sai dai "shinkafa ko tuwo". In an yi mata tambaya a ba ta lokaci, kada a sake jefo wata a kai. Ranar girkinta ni nake kama mata miya, ita kuma ta ɗauke mini lissafin cefane da na kuɗin makarantar yara, kuma wallahi ni na fi cin riba. In za a yi taro ana gaya mata tun da kwana uku, ta zo ta gaisa ta koma ɗakinta ba wanda zai bi ta da magana. Gatse kuwa Hajiya da kanta ta hana, ta ce duk mai magana da 'yarta ya faɗe ta a miƙe.

Yanzu wani magidanci daga Gyallesu ya turo, matarsa ta rasu ta bar masa yara biyu. Gida ya rabu. Facalata ta ce a yi shiru, in aka ambaci likitan ƙwaƙwalwa ko kare ba zai sake leƙo zauren nan ba. Maigida ya ce shirun da aka yi sau biyu me ya haifar. Hajiya tana kuka tana cewa ita tsufa ya zo, in ta faɗi wa zai riƙe mata ita. Ana cikin haka aka ce to a tambayi mai abin mana. Ta yi shirunta da ta saba, sai washegari bayan azahar ta miƙo wa yayanta takarda, ta ce, "Yaya, ka ba shi ya karanta, in ya yarda ya sa hannu." Abu 11 ta jera da lamba. Na 1, ba ta zama kusa da injin markaɗe. Na 4, in ya ji haushinta ya faɗa da baki, don ba ta gane fushin fuska. Na 9, za ta riƙe masa lissafi amma ta san nawa ne ladanta a wata. Ranar Juma'a maigida ya kai takardar Gyallesu, mutumin ya ce a ba shi mako biyu zai yi shawara da mahaifiyarsa.