Ina ruwan jiya ya tafi?

1/ Wata uku ina ƙara wa lagireton motata ruwa kullum da safe, ban taɓa tambayar kaina ina na jiya ya tafi ba. Sakacin nan ne ya ajiye ni da Umma a bakin titi. Bari in ba ku labarin, ƙila wani ya tsira da injinsa. 🧵

2/ Tsohuwar Corolla ce, ta marigayi Baba. A watan Afrilu na ɗauki Umma daga Kano za mu Zariya ganin likitan ido, layin da muka yi wata biyu muna jira. Rana kuwa kamar ta faɗo ƙasa.

3/ Muna wuce Kwanar Dangora na ga allurar zafi ta bar tsakiya tana hawa. Na gani sarai. Sai na ce a raina bari mu ɗan ƙarasa gaba. Minti goman da na ƙara ɗin nan su suka kashe ni. Kafin in ankara tururi ya turnuƙe bonet.

4/ Na faka, na ɗaga bonet, na kai hannu zan buɗe murfin lagireto. Wani dattijon bakanike da ke gefe ya daka min tsawa: "Kai yaro, ka gaji da fuskarka ne?"

5/ Ashe murfin nan matse ruwan yake, shi ya sa yake iya wuce digiri 100 bai tafasa ba. Kana buɗewa da zafi sai ya tafasa nan take, ya yi tsartuwa a fuskarka. A kashe mota, a ba ta aƙalla rabin awa.

6/ Muna jira, bai taɓa sifana ba. Tambaya ya fara: "Yaushe take zafi, a gosulo ko a kan gudu?" Ya ce amsar nan rabin aiki ce.

7/ In a gosulo take zafi, da ka samu hanya kuma allura ta sauka, fanka za ka fara zargi: fiyus, rile ko motar fankar. A kan gudu iska ce ke sanyaya lagireto, a tsaye kuwa sai fanka.

8/ In a kan gudu take zafi, ruwan ne ba ya zagayawa yadda ya kamata. Ko lagireto ya toshe, ko wata-famfo ya gaji, ko tamostat ya maƙale a rufe. In kuma ruwa na raguwa, yoyo ne: tiyo, lagireto, famfo, ko robar murfi ta mutu.

9/ Ya ce, "Tana shan ruwa?" Na ce roba ɗaya kullum. Ya dube ni ya girgiza kai. "Ɗana, mota ba ta shan ruwa. Zubarwa take."

10/ Ya haska ƙasan wata-famfo, ga sawun tsatsa ja inda ruwa ya daɗe yana ɗiga. Ruwan burtsatse zalla nake zubawa, ba kulant. Shi kulant yana hana tsatsa, ruwan rijiya kuwa yana barin farin datti irin na cikin buta.

11/ Da ta huce ya cika ruwa, ya ce in tayar, murfi a buɗe. Sai kumfa, ɓul-ɓul, ba tsayawa. Salansa na fitar da farin hayaƙi. Ya ce, "Gasket ya ƙone." In abin ya yi nisa har baƙin mai kan koma kalar shayi da madara.

12/ Na ce to a cire tamostat ɗin ma gaba ɗaya, kamar yadda ake yi a gari. Ya ce wannan ɓoye ciwo ne. An yi inji ya yi aiki wajen digiri 90 ne. In ba tamostat sai ya daɗe bai ɗumama ba, ya ƙara shan mai, yoyon kuma yana nan.

13/ Umma dai motar haya na saka ta. Ta isa an tashi, aka ƙara mata sati uku. Ba ta min faɗa ba, kuma wallahi da ta yi ya fi min sauƙi. Cewa kawai ta yi, "Babanku ba ya tayar da motar nan sai ya leƙa ƙarƙashinta."

14/ Famfo da murfi kaɗai ya kamata in saya tun farko. Na ƙare da gasket, da wanke kan inji, da kuɗin janwe. Abin da na tara na haya ya tafi a nan.

15/ Don Allah, in kana ƙara ruwa kullum, kai ta a nemo inda yake fita. In allura ta hau, kashe AC, nemi gefe ka tsaya, ko da saura kilomita biyu ka isa. Yanzu ni ma kullum sai na durƙusa na leƙa ƙasan motar kafin in sa makulli.