Utrecht: Garin da ake cewa abu "yana tsaye a bakin ƙofa"

Uwargida, idan Allah ya kai ki ƙasar Holan, akwai wata magana da za ki riƙa cin karo da ita a jaridu, a tagogin shaguna, har a bakin maƙwabta: "staat voor de deur". Ana furta ta kamar "staat for da dur", ma'anarta kuwa "yana tsaye a bakin ƙofa". Da ita suke sanar da duk wani abin da ake jira wanda ya ƙarato. Na koye ta ne a birnin Utrecht, inda na yi 'yan makonni wajen wata 'yar uwata da ke aure a can, kuma ina ganin akwai abin da mu mata za mu ƙaru da shi a cikinta.

Daga filin jirgin sama na Schiphol, kusa da Amstadam, jirgin ƙasa zai kai ki Utrecht cikin kamar rabin awa. Kina sauka za ki ga kekuna kamar fara, domin wurin ajiye kekuna na tashar kaɗai yana ɗaukar wajen 12,500. Daga nesa kuma za ki hango hasumiyar Dom mai tsawon mita 112, wadda ta fi duk hasumiyar coci tsawo a ƙasar. A tsofaffin unguwanni, gefen magudanar ruwan Oudegracht, gidaje a manne suke da juna, babu katanga, babu zaure. Ƙofar gida a kan titi take buɗewa, tagogi manya ne, wasu ma ba sa sauke labule. Wanda ya tsaya a bakin ƙofarki, saura taku ɗaya ya shigo falo.

Idan ganyen bishiyoyi ya fara zuba, sai su ce "de winter staat voor de deur", wato hunturu na bakin ƙofa, a fito da manyan riguna. A watan Nuwamba shaguna kan faɗi haka game da bikin Sinterklaas, wanda ake raba wa yara kyaututtuka a daren 5 ga Disamba. A Afrilu kuma Ranar Sarki ce, 27 ga wata, da kowa ke sa tufafi masu launin lemo. Musulmin ƙasar, waɗanda da yawansu asalinsu Maroko da Turkiyya ne, su ma suna cewa "de ramadan staat voor de deur". Kin ga dai daidai da yadda muke cewa azumi ya ƙarato, ko salla ta matso.

Akwai 'yar uwar wannan magana, wato "op komst", ma'ana yana tafe. Da ita ake gargaɗin guguwa, da ita kuma ake albishir ɗin ciki: "er is een baby op komst", jariri na tafe. Bambancinsu shi ne, abin da yake "op komst" yana hanya tukuna, wanda yake "voor de deur" kuwa ya iso. A matsayina na ma'aikaciyar jinya, abin da ya fi jan hankalina shi ne aikin da suke yi a tsakanin maganganun nan biyu.

Mace tana ganin ta samu ciki, sai ta kira ungozoma mai takardar shaida, tun a watannin farko. Ita za ta riƙa yi mata awo, sai in an ga matsala a tura ta wurin likita. Tun cikin bai yi nisa ba za ta yi rajistar abin da suke kira "kraamzorg": wata ma'aikaciya ce da za ta riƙa zuwa gida bayan haihuwa, yawanci awa 49 a rarrabe cikin kwana 8. Tana duba zafin jikin mai jego da yawan jinin da take zubarwa, tana auna jariri, tana koyar da shayarwa da wanka, har ta taya da ɗan aikin gida. Inshorar lafiya ce ke biyan mafi yawan kuɗin. Kafin watan haihuwa ya kama, an tanadi kwalin kayan haihuwa, an kuma ɗaga ƙafafun gado da wasu 'yan tubala, don kada bayan mai taimako ya yi ciwo. Hutun haihuwa mako 16 ne, kuma yana farawa mako 4 zuwa 6 kafin ranar da aka ƙiyasta. Shi ya sa har yau wasu matan can ke zaɓar haihuwa a gida, da ungozoma a gefe, da asibiti a kusa.

Idan an sauka lafiya, unguwa ma sai ta sani. Za ki ga an manna sunan jariri a taga, an kafa hoton wata babbar tsuntsuwa fara a ƙofar gida. Dangin shamuwa ce, wadda mu ma take yi mana albishir ɗin damina. Baƙin barka kuwa ana ba su busasshen burodi da man shanu, an barbaɗa masa wasu 'yan ƙwayoyi masu zaƙi da ƙamshi, shuɗi da fari idan namiji ne, ruwan hoda da fari idan mace ce. Lokacin da aka haifi Gimbiya Amalia a 2003, masu launin lemo aka yi.

Mu ma fa ba a bar mu a baya ba wajen kula da mai jego. Muna da goyon ciki, da kunun kanwa, da gwaggo ko kaka da za ta zauna da ke har a yi arba'in, abin da Baturiya ba ta samu. Inda muke da rauni shi ne farko. Kunya, musamman ta cikin fari, da tsoron baki, sukan sa mace ta ɓoye ciki har ya fito da kansa. Sau da yawa sai a wata na shida ko na bakwai muke ganin mace a ɗakin awo, wani lokaci jininta ya riga ya yi ƙasa, ko ya hau, ƙafafu sun kumbura, ba ta sani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, tun 2016, ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau 8, na farko a cikin mako 12 na farko.

Ba ina cewa ki rubuta labarinki a taga ba, uwargida. Ki rufe sirrinki ga wanda kika ga dama, wannan haƙƙinki ne. Amma mutum uku ya kamata su sani da wuri: maigida, ungozoma ko nas ɗin asibitinku, da wata babba da kika amince da ita. Ku san rukunin jininki da wanda zai iya ba ki in buƙata ta taso. Ku ajiye kuɗin mota, ku riƙe lambar direban da zai amsa waya ko da tsakar dare ne. Ki haɗa jakar asibiti tun wata na takwas. Naƙuda ba ta sallama, kuma ranar da ta tsaya a bakin ƙofa ba ranar neman aron kuɗi ba ce.

Allah ya raba lafiya, ya raya mana abin da muka haifa.